Yadda Ake Sanyaya Ruwa da Ƙanƙara Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

Tun da bazara ta kankama masu karatu suke ta aiko da tambaya guda, bakin mai yinta ne kawai ya bambanta. Wata uwargida ta ce ta jefa ƙullin ƙanƙara biyu a bokitin ruwan buɗa-baki, kafin a kira magariba ƙanƙarar ta ɓace, ruwan kuma bai yi sanyin a zo a gani ba. Wani mai sayar da fiya wata a bakin tasha ya ce kuɗin ƙanƙara na neman cinye masa riba. Wata mai zobo kuma kukanta shi ne zobonta yana salancewa. Dukansu abu guda suke son sani: ƙanƙara nawa ake sa wa ruwa nawa, kuma yaushe?

Amsar tana da lissafi, ba mai wuya ba. Amma akwai magana guda da nake so ka riƙe kafin mu fara, domin duk matakan da ke ƙasa a kanta suka tsaya. Ba sanyin jikin ƙanƙara ne ke sanyaya ruwa ba, narkewarta ce. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya koma ruwa, sai ya shanye zafin da zai iya sauke lita 80 na ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. Ga misalin da zai nuna maka girman abin. Ka sami ruwa lita 10 mai digiri 30. In ka zuba masa lita 2 na ruwa mai tsananin sanyi, wanda yake digiri 0 amma bai daskare ba, zai sauko zuwa 25 ne kawai. In kuwa kilo 2 na ƙanƙara ka sa, zai sauko kusa da 12. Nauyi ɗaya, sanyin taɓawa ɗaya, amma dubi tazarar. Don haka duk ƙanƙarar da ta narke a hanya, ko a faranti, ko a hannun ɗan aike, ka yi asarar mafi yawan amfaninta ko da ka tare ruwanta.

Kayan da za ka tanada

Mazubi mai murfi, kula ta fi, amma bokiti mai murfi ma yana yi in an naɗe shi. Ludayi ko muciya mai tsabta ta motsawa. Moɗa guda da za a keɓe don ɗiba. Bargo, tsohon tawul ko buhun algarara. Tsumma mai tsabta da taɓarya in za a fasa ƙanƙara. Sikelin kicin in akwai.

In babu sikeli, ledar fiya wata ta ishe ka ma'auni. Wadda aka saba da ita rabin lita ce, in ta daskare rabin kilo ke nan na ƙanƙara. Jaka guda mai leda 20 kuma lita 10 ce. Ma'aunin zafi na girki yana da amfani ga mai sana'a, amma kada ka ɗauko na auna zazzaɓi, wannan ba ya karanta sanyi.

1. San yawan ruwanka da zafinsa

Mutane da yawa a nan suke faɗuwa tun ba a fara ba. Suna cewa "bokiti ɗaya", alhali wani bokitin lita 10 ne, wani 15, wani 20. Auna mazubinka sau ɗaya da gorar da ka san girmanta, ka yi masa alama, shi ke nan ka huta. Jarkar da 'yan garuwa ke turowa yawanci lita 20 ce ko 25.

Sai zafin ruwan. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, tsakanin Maris da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, kuma ruwa yana bin inda aka ajiye shi. In ba ka da ma'auni, yi aiki da wannan kintace: ruwan randa da ke inuwa ka ɗauke shi a kan 25, na jarka a cikin ɗaki 30 zuwa 35, na tankin da ke kan rufi da la'asar kuwa 40, wani lokacin ma fiye.

Hattara: kada ka yarda da hannunka kaɗai. Hannun da ya fito daga rana yana jin ruwan digiri 33 kamar mai sanyi.

2. Rage zafin a kyauta kafin ka kashe kobo

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne rage kashe kuɗi, kuma shi aka fi tsallakewa. Kowane digiri da ka sauke ba da ƙanƙara ba, kuɗi ne ya zauna a aljihunka.

Ɗebi ruwan tanki da asuba, lokacin da ya kwana ya huce, ba da rana tsaka ba. Zuba shi a randa ko tulu a wurin da iska ke ratsawa. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, wannan bushewar ce ke janye zafi. Shi ya sa ta fi aiki a busasshiyar iskar bazara da hunturu, da damina kuwa ƙarfinta kan ragu. Da wannan hikimar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. In babu randa, naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhu ka ajiye a inuwa, ka riƙa yayyafa masa ruwa.

Ni a ganina gidan da ya jefar da randa saboda ya sayi firij ya yi garaje. Ruwan tanki mai digiri 40 yana cin ƙanƙara ninki biyu na abin da ruwan randa mai digiri 25 ke ci, za ka ga lissafin yanzu.

Hattara: randar da aka shafa wa fenti ko siminti a waje ta daina numfashi, ba za ta sanyaya komai ba.

3. Lissafa ƙanƙarar da kake bukata

Da farko yanke shawarar sanyin da kake so. Ruwan sha mai daɗi, wanda za a sha a ji shi har rai ba tare da haƙora sun kama ba, yana wajen digiri 10. Na sayarwa, wanda mai saye ke son ya ji ya "ɗau sanyi" da ya taɓa, wajen 5.

Ga lissafin. Ɗebe zafin da kake so daga zafin da ruwan yake. Abin da ya rage ka ninka shi da yawan litar ruwan. Sannan ka raba da 80 haɗe da zafin da kake so. Abin da ya fito shi ne kilon ƙanƙara.

Mu gwada da jarka mai lita 25 da ta wuni a ɗaki ta kai digiri 35, ana son ta koma 10. Ɗebe 10 daga 35, saura 25. Sai 25 sau 25, ya ba da 625. Raba da 90, wato 80 da 10. Ya fito kusan kilo 7, daskararriyar ledar fiya wata 14 ke nan. Yanzu ka gane abin da ya sami uwargidan da ta jefa ƙulli biyu.

Ga wanda ba ya son lissafi kullum, wannan na lita 10 ne zuwa digiri 10:

Daga digiri 25, kilo 1.7, leda 3 zuwa 4.
Daga digiri 30, kilo 2.2, leda 4 zuwa 5.
Daga digiri 35, kilo 2.8, leda 6.
Daga digiri 40, kilo 3.3, leda 7.

In digiri 5 kake so, daga 30 kilo 3 ne, daga 35 kuma kilo 3 da rabi. Kofi ɗaya na kwata lita kuwa, daga digiri 30 zuwa 10, gram 55 zuwa 60 ya ishe shi, wato ƙwaya biyu ko uku na ƙanƙarar faranti.

Wannan lissafin na ruwan ne kaɗai. Mazubin ma yana da nasa zafin, iska na shiga, ana buɗewa ana rufewa. Saboda haka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da ya fito in za a sha nan da awa ɗaya. In ruwan zai wuni, kamar na walima ko zaman makoki, ƙara rabi ko fiye, ya danganta da ingancin kular.

Hattara: akwai iyakar da ƙarin ƙanƙara ba ya ƙara sanyi. Ruwan da ƙanƙara ke yawo a cikinsa ba ya sauka ƙasa da digiri 0, ko da ka cika mazubin da ita. Lita 10 mai digiri 30 kilo 3 da kwata uku ne ke kai shi 0. Abin da ka ƙara bayan wannan ajiya ce, zai tsawaita lokacin sanyin ne kawai. Ajiyar tana da amfani, amma ka san abin da kake biya.

4. Sayen ƙanƙara

Farashi yana hawa yana sauka da samuwar wuta, da tsadar man janareta, da kuma azumi, inda ƙulli guda kan ninka kuɗinsa tsakanin azahar da la'asar. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda za ka kwatanta. Nauyi kake saye, ba girman ƙulli ba. A ce wani yana sayar da ƙulli naira 300 ka auna ka sami kilo ɗaya, wani kuma naira 500 kilo biyu. Na biyun ya fi araha, kilonsa ya kama 250. Auna na masu sayarwa biyu ko uku a unguwarku sau ɗaya, za ka san wurin zuwa har ƙarshen bazara.

Kafin ka biya, ɗaga ƙullin ka girgiza kusa da kunne. Ruwa daga waje yake fara daskarewa, tsakiya ce ƙarshe. Ranar da wuta ba ta daɗe ba, za ka tarar da ƙanƙara ta yi ɓawo a waje, cikinta ruwa ne tsundum. Na taɓa sayen irinta guda shida ranar sunan ɗan ƙanwata, ina murnar na sami manya, da aka fasa rabin kowacce ruwa ya tsiyaye, baƙi suka sha ɗumi. Tun ranar ba na biya sai na girgiza. In ka ji motsin ruwa, ko ka nemi ragi ko ka ajiye.

Duba kuma ruwan da ya taru a gindin ledar, shi ma ka biya kuɗinsa a matsayin ƙanƙara. Wadda ta fito daga firiza yanzu, busasshiya mai kama yatsa, tana iya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Wannan ƙarin sanyin yana ƙara mata ƙarfi da kamar kashi ɗaya cikin goma ne kawai, amma alama ce cewa ta daskare har ciki kuma za ta iso gida ba ta zube ba.

Tafi da kula ko bokiti da bargo. Kada a ba yaro ya riƙo ta a hannu cikin rana, ko a rataye ta a kan babur kusa da inji.

Hattara, kuma wannan ya fi duk maganar kuɗi: daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Na amai da gudawa da na taifod suna iya rayuwa a cikin ƙanƙara, ta narke su fito. Ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, kada ta haɗu da abin da za a sha. Launinta ba shaida ba ne: farin da ke tsakiya yawanci iska ce ta maƙale, wadda take garau kuma ba lalle tana da tsabta ba. Manyan sandunan da ake ja a ƙasa ana lulluɓewa da garin katako na sanyaya kwalabe da kifi ne, ba na sha ba. Mafi kwanciyar hankali shi ne daskararriyar fiya wata mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ko wadda ka yi da ruwan gidanka.

5. Shirya mazubi

Wanke kular, ka bar ta a buɗe a inuwa. Kular da ta wuni a rana ko a bayan mota takan cinye ƙanƙarar farko ita kaɗai. Ɗauraye cikinta da ruwan randa kafin ka zuba komai.

Kada ka ajiye ta a kan siminti mai zafi, ɗora ta kan katako, tabarma ko kwali. Zaɓi mazubin da ruwan zai kusa cika shi, domin babbar kula mai ɗan ruwa a gindi iska mai ɗumi ce ta cika sauran. Bokitin ƙarfe da tukunyar alminiyam suna shigo da zafi da sauri, roba ta fi su, in kuwa dole ne sai a naɗe su da busasshen bargo.

A nan ana yawan rikita abu biyu. Jiƙaƙƙen buhu na ruwan da ba a sa wa ƙanƙara ba ne. Da zarar ƙanƙara ta shiga, busasshen lulluɓi mai kauri ake so, wanda zai tare zafin waje.

6. A fasa ko a bar ta dunƙule?

Kilo ɗaya kilo ɗaya ne. Dakakkiya da dunƙulalliya zafi ɗaya suke shanyewa, saurin ne ya bambanta. Ƙanana suna da faɗin jiki mai yawa da ke taɓa ruwa, sai su narke da wuri su sanyaya da wuri. Babba tana narkewa a hankali, tana riƙe sanyi tsawon lokaci.

In saura minti 20 a sha ruwa, fasa ta. In tun azahar kake shiri don magariba, kada ka sa ta tun azahar, adana ta a naɗe sai saura kamar minti 40. In na wuni ne, haɗa biyun: fasa adadin da lissafi ya ba ka don ya sauke zafin, ka bar ƙarin a dunƙule ya yi gadi.

Wajen fasawa, wanke bayan ledar, naɗe ta a tsumma mai tsabta, ka buga da taɓarya a kan turmi ko katako.

Hattara: kada a sassaƙe ta da wuƙa a tafin hannu. Wuƙa tana zamewa a kan ƙanƙara, hannun da ya yi sanyi kuma ba ya jin yanka da wuri.

7. Zuba, motsa, rufe, ka ƙyale shi

Ruwa a fara zubawa, a bar wa ƙanƙara wuri. Tana iyo ne, amma kusan kashi tara cikin goma na jikinta yana cikin ruwa, don haka za ta ɗaga shi. Bayan ta shiga kuma, narkewarta ba za ta sa ya ƙara hawa ya zube ba.

In ƙanƙarar mai tsabta ce da ka amince da ita, yage ledar ka zuba. In da shakka, wanke bayan ledar da sabulu, ƙara mata wata sabuwar leda ka ɗaure tam, ka sa ta a haka. Za ta ɗan ƙara jinkiri, sanyin da za ta bayar kuwa kusan ɗaya ne, kuma yawan ruwanka ba zai ƙaru ba.

Sai motsawa. Mutane suna tsoron motsawa wai ƙanƙarar za ta narke da wuri. To ai narkewar ake nema. In ba a motsa ba, ruwan ba ya yin sanyi bai ɗaya: wani sashe ya yi ƙarara, wani yana nan da ɗuminsa, mai ɗiba na farko ya yaba, na biyar ya yi ƙorafi. Motsa minti ɗaya da farko, rufe, bayan minti 10 ka sake motsawa. Dakakkiyar ƙanƙara a lita 10 takan gama aikinta cikin minti 15 zuwa 20, dunƙulalliya tana iya kai awa.

Daga nan ka duba. In ƙanƙara ta ƙare kuma ruwan ya kai yadda kake so, lissafinka ya yi daidai, amma ka sani daga wannan lokacin ɗumi zai fara hawa, a sha da wuri. In da saura tana yawo, sanyin zai tsaya har sai ta ƙare. In ta ƙare ruwan bai yi ba, ƙara kaɗan-kaɗan, rabin kilo a kowace lita 10, kana motsawa. A daidai wannan matakin rabin kilo yana sauke shi da wajen digiri 3 zuwa 4.

Hattara: kada ka riƙa ƙara ruwa mai ɗumi a kan wanda ya yi sanyi don kada ya ƙare. Ka lalata na ciki, na wajen ma bai yi ba. Gara a sanyaya kashi na biyu daban. Moɗa guda kuma a keɓe, kada kowa ya tsoma kofin da ya sha da shi.

8. Zobo, kunun aya, lamurje da tsamiya

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a nan shi ne zuba ƙanƙara a abin da bai huce ba. Zobo lita 20 da aka sauke daga wuta yana digiri 90 zai ci kusan kilo 18 kafin ya kai 10. In aka bar shi ya huce zuwa 30, kilo 4 da rabi ya isa. Ninki huɗu ke nan. Dafa da wuri, tace, raba a ƙananan mazubai, ka tsoma gindinsu a bahon ruwa kana canza ruwan in ya yi ɗumi.

Na biyu shi ne salancewa. Kowane kilo na ƙanƙara lita guda ce ta ruwa. Kilo 4 da rabi a lita 20 ya ƙara masa fiye da kashi ɗaya cikin biyar, dole ɗanɗano ya gudu. Mafita uku ce, kowacce da inda ta dace. Ko a haɗa shi da kauri tun farko, a rage ruwan haɗi daidai da ƙanƙarar da za a sa, wannan ya dace da biki. Ko a sa ƙanƙarar a ɗaure cikin leda ko gorar roba. Ko kuma, wadda na fi so ga mai firiza, a daskarar da wani kaso na zobon kansa a sanyaya sauran da shi.

Akwai wani abu da ke faruwa da abin sha mai sukari wanda ba ya faruwa da ruwa zalla. Ruwan sukari ya fi ruwan ƙanƙara nauyi, don haka abin da ya narke sai ya kwanta a sama ya kewaye ƙanƙarar, ita ta daina narkewa da sauri, ƙasa kuma ya zauna da zaƙinsa da ɗuminsa. Shi ya sa kofin farko salam, na ƙarshe kamar zuma. Motsa daga gindi kafin kowace ɗiba.

Hattara: kunun aya ba ya haƙuri da ɗumi, cikin sa'o'i kaɗan yake tsami. Shi da fura da nono ba digiri 10 suke so ba, 5 ko ƙasa ake riƙe su. Dole ya zama akwai ragowar ƙanƙara a kewaye da gorunan har a sayar da ta ƙarshe. In ya riga ya juya, ƙanƙara ba ta gyara shi.

9. Masu sayar da ruwan leda da lemon kwalba

Lissafin bai canza ba. Jaka guda lita 10 ce, daga digiri 30 zuwa 5 kilo 3 take ci, sai ƙarin na tsaron wuni. Raba kuɗin ƙanƙarar da leda 20, ka ga abin da sanyi ya ƙara wa kowace leda, da shi za ka san ko farashinka ya fitar da kai. Jakar da aka jibge a rana bakin shago ta kai 40 kuwa fiye da kilo 4 za ta ci. Inuwa da kwali a kan kaya riba ce kai tsaye.

Wajen jerawa, sa ƙanƙara kaɗan a gindi, kaya a tsakiya, mafi yawanta a sama, domin ruwan da ya narke ƙasa yake gangarawa yana ratsa kayan. Kada ka zubar da wannan ruwan muddin yana da sanyi. Kwalbar da ke nutse a ruwan ƙanƙara ta fi wadda ke zaune a iska mai sanyi saurin ɗauka nesa ba kusa ba, domin ruwa ya fi iska ɗaukar zafi fiye da sau 20. Ranar da kake gaggawa ma, ƙara ɗan ruwa da kanka ya cike tsakanin kwalaben. In da hali raba kula biyu, ɗaya ta sanyayawa da ba a buɗewa, ɗaya ta ciniki.

Sai maganar gishiri, wadda ake yawan tambaya. Gishiri yana tilasta wa ƙanƙara narkewa a ƙasa da digiri 0. Kashi ɗaya na gishiri a kashi uku na dakakkiyar ƙanƙara yana iya sauke haɗin har wajen digiri 20 ƙasa da sifiri. Amfaninsa sauri ne: baƙi sun iso lemo da ɗumi, ka watsa gishiri cikin hannu biyu a bokitin ƙanƙara da ɗan ruwa, ka juya kwalaben, cikin 'yan mintuna sun yi. Amma bai ƙara wa ƙanƙara kwana ba, rage mata yake yi. Mai son ta kai yamma kada ya sa.

Hattara: kada a manta kwalbar gilashi a ruwan gishiri da ƙanƙara, tana iya daskarewa ta fashe. Kada a daɗe da hannu a ciki, yana ƙona fata. A ɗauraye bakin kwalba da bayan leda kafin a miƙa wa mai saye, tunda da haƙori ake yage fiya wata. Masu ajiye allurar insulin ta ciwon sukari a kular gida kuma, tsakanin digiri 2 da 8 ake son ta, in ta daskare ta lalace. A naɗe ta a tawul a sa a roba mai murfi, kada ta taɓa ƙanƙara, kuma kada ta kusanci mai gishiri sam.

10. In a gida za ka yi ƙanƙarar

Yi da ruwan da za ka iya sha, wanda ya riga ya huce a randa, don firiza ta sami sauƙi. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, saboda haka bar kashi ɗaya cikin goma na gora ko leda babu komai, kuma kada a yi da kwalbar gilashi.

Inda wuta ba ta zama, ƙananan ƙulli na rabin lita sun fi, suna daskarewa har ciki kafin a ɗauke. Jera su a jikin bangon firiza da ɗan tazara, kada a tula su wuri guda na tsakiya ya kwana ruwa. Kada kuma ka cusa sababbi masu ɗumi a kan waɗanda suka kusa kamawa, ka mayar da su baya. In an ɗauke wuta, murfin ya zauna a rufe, a fitar da na yini gaba ɗaya sau ɗaya.

Ragowar da ba a yi amfani da ita ba a tsane ta, a naɗe da jarida ko leda, a sake naɗewa da busasshen bargo, a sa a ƙaramar kula a cike gefen da tsumma. Ƙulli huɗu da aka matse wuri guda sun fi huɗun da aka warwatsa daɗewa. Wanda ya saya da la'asar yana son ta kai sahur, ya raba tun farko: na buɗa-baki a waje, na sahur a naɗe a kular da ba za a taɓa ba sai an tashi.